Tarwaɗa 412 suka mutu a bayan gidanmu, shi ya sa nake son zama lakcara

1/ Duk wanda ya tambaye ni me nake karanta a jami'a na ce masa kimiyyar kifi da kiwonsa, ɗayan biyu ne: ko ya yi dariya, ko ya ce "Allah sarki, likitanci kika nema ba ki samu ba ko?" Eh, haka aka yi. Amma yanzu ina aji biyar, kuma a fannin nan nake son in tsufa. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ A Nassarawa GRA na tashi, gidan da in ana hirar makoma ba ka jin komai sai likita, lauya, ma'aikacin banki. Ranar da sunana ya fito a sashen kifi, kwana biyu na yi ban fito falo ba. Ƙannena suka raɗa min Sarauniyar Tarwaɗa, har yau sunan bai sake ni ba.

3/ Gwaggona ma cewa ta yi, "Yanzu ke shekara biyar za ki ɓata ki koyi abin da masunta suka iya ba tare da boko ba?" Ban da amsa a lokacin. Ni kaina niyyata in lallaɓa shekara ɗaya, in sake rubuta jarrabawa, in gudu.

4/ Sai ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur muna zaune. Zaman ya ishe ni. Wajen ƙarshensa na roƙi Abba ya bar min wani lungu a bayan gida, kusa da bishiyar mangwaro. Na sayi tankin tamfol, na zuba 'ya'yan tarwaɗa 500.

5/ Gaskiya ba son kifi ne ya sa ni ba. So nake in yi kuɗi, in rufe bakin masu dariya. Malamaina a harkar kuwa YouTube ne. Wata uku komai lafiya lau: suna ci, suna girma, ni kuma har na fara lissafin wayar da zan canza.

6/ Sai hunturu ya kankama. Ƙarshen Disamba na ga sun rage cin abinci. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce ƙila abincin ne ba ya isa gare su, na ƙara yawan abin da nake zubawa. Ga sanyi, ga ƙyuya, canjin ruwa ma na koma yi sai na ga dama.

7/ Wata asuba a Janairu Baba maigadi ya ƙwanƙwasa tagar kicin: "Hajiya ƙarama, zo ki gani." Wallahi warin ne ya fara tarbata. Cikin kwana uku muka kwashe 412. Ni na ƙirga su da hannuna, ina kuka, Baba yana haƙa rami. Kuɗin da na tara tun sakandare ne suka tafi.

8/ Da aka koma makaranta na je wajen wani malaminmu ina neman wanda zan ɗora wa laifi: mai sayar da 'ya'yan kifi ko mai abinci. Bai ce min komai ba sai tambayoyi. "Nawa ne zafin ruwan da asuba? Kin auna amoniya? Abincin da ba su ci ba, ina yake zuwa?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba.

9/ Ga abin da ya faru. Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mu, zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Tarwaɗa ta fi sakewa a wajen digiri 26 zuwa 30. A Kano kuwa daren hunturu yakan sauko ƙasa da 15, ga tankin tamfol a sarari, ba abin da ke tare masa iska.

10/ In ruwa ya yi sanyi, cikinsu ba ya narka abinci da sauri, sai su rage ci. Wanda na ƙara zubawa ya nutse ya ruɓe, ya haɗu da ƙazantarsu, amoniya ta taru. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa ake cewa tana da taurin rai. Amma gubar amoniya ba ta da wannan mafitar.

11/ A taƙaice ni na kashe su, da hannun da nake ciyar da su. Na ce masa, "Amma Malam, duk bidiyon da na kalla ba wanda ya faɗi haka." Ya ce, "A ina aka ɗauke su?" Na duba: Ibadan, Legas, Fatakwal. Wuraren da sanyinsu bai kama ƙafar namu ba.

12/ Sai ya ce, "To wa kike jira ya zo ya auna miki ruwan Kano?" Maganar nan ta bi ni har gida. A ranar na fara gane bambancin mai kiwon kifi da mai bincike: ɗaya yana neman amsar tankinsa, ɗaya yana neman amsar da za ta yi wa tanki dubu aiki.

13/ Bari in ba ku girman abin. Alƙaluman da gwamnati ta saba bayarwa: Najeriya na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Kifin ƙanƙarar da ake soya mana a gida, yawancinsa daga waje ake shigo da shi, da dala.

14/ Kuma duk da haka, mu ne kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. A duniya baki ɗaya kuwa, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 ne karon farko da abin da aka kiwata a ruwa ya zarce wanda aka kamo: tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin ɗari.

15/ Wato duniya ta koma noman kifi kamar yadda ake noman masara. Kuma ba da ka ake yin sa ba. Misali: a 1988 masana a ƙasar Filifin suka tattaro karfasa daga Masar, Gana, Kenya da Senegal, suka haɗa da wadda ake kiwo a can, suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru.

16/ Sakamakon shi ne irin karfasar da ake kira GIFT, mai saurin girma, wadda ta bazu a gonakin kifin Asiya. Kifin namu ne na Afirka fa. Abin da suka fi mu shi ne mutanen da suka zauna da awo da littafi suna rubuta nauyin kifi, zuriya bayan zuriya, ba su gaji ba.

17/ Amma kiwo rabin labarin ne. Ɗaya rabin Baba maigadi ne ya koya min. Ranar da muke binne kifin nan ya ce, "Ni da na bar ruwa, ga shi kifi ya biyo ni birni." Shekara da shekaru yana ƙofar gidanmu, ban taɓa sanin ɗan masunta ba ne daga wani ƙauye a ƙasar Haɗejiya.

18/ Ya ba ni labarin yadda ruwa ke malalowa fadama bayan damina, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. In ruwan ya janye a yi su, a shuka a danshin da ya bari, shanu su zo su yi kiwo. Wuri ɗaya, abinci uku. Ya lissafo min kifaye: bargi, kurungu, gaiwa, ragon ruwa, giwan ruwa.

19/ Na ce, "Baba, to me ya raba ku da wurin?" Ya ce ruwan ya daina zuwa yadda ya saba. Wani wuri ya bushe, wani wuri kuma ruwa ya zauna bai tafiya, kacala ta cinye hanyar jirgi da wurin jefa taru. Samari suka watse, wasu Kano, wasu kudu.

20/ Daga baya a aji na ji ɗaya ɓangaren. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk albarkarsu ce. Amma sun canza yadda ambaliya ke isa dausayin Haɗejiya da Nguru.

21/ Kacala tana son ruwan da ke nan rani da damina, marar zurfi. Da aka koma sakin ruwa duk shekara maimakon ya cika ya janye, sai ta samu gida. Ku duba fa: ruwan da ke fitowa a famfon birni da gadin da Baba yake yi a ƙofarmu, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

22/ A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka wallafa lissafin wannan ruwa. Suka nuna ribar manyan ayyukan ban ruwa a sama ba ta kai ta rufe asarar noma, su da itace da ake yi a fadamar ƙasa ba. Aiki ne mai kyau. Abin da ya tsaya min a rai: jikokin masuntan nan fa, ina namu lissafin?

23/ Ba wai babu namu masanan ba ne, akwai su, wasunsu su suke koyar da ni. Amma tambayoyin sun fi su yawa. Wane faɗin ido ya kamata raga ta yi a Tiga don kada a kwashe ƙananan kifi? Wane wata ya dace a ɗaga wa ruwa ƙafa? Kifin da ake kamawa inda ruwan masana'antun fata ke shiga kogin Challawa, me ke cikin namansa?

24/ Rufe ruwa ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akwai Sarkin Ruwa, kuma ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki ya zo. UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Kakanninmu sun san ruwa na buƙatar hutu. Aikin mai bincike ya auna: hutun wata nawa, a wane ruwa?

25/ Ga kuma Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya zo ya cinye mafi yawansa. Bandar Baga da iyayenmu ke ba da labari daga can take. Duk wanda zai yi maganar kifi a Arewa, maganar ruwa yake yi.

26/ To yaya hanyar zama malamin jami'a ko mai bincike take a fannin nan? Ga yadda na fahimta, don masu tambaya. Digirin farko shekara biyar ne, da shekarar aikin hannu a ciki. Ana yin sa a jami'o'i da dama, har da Bayero a nan Kano. Ka dage ka fita da sakamako mai kyau, don shi ne mabuɗin duk ƙofar da ke gaba.

27/ Bayan bautar ƙasa, mai sakamako mai ƙarfi kan iya samun gurbin mataimakin malami, in akwai gurbin. Daga nan digiri na biyu, sai na uku. Matakan: ƙaramin lakcara, lakcara II, lakcara I, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Tsakanin mataki da mataki galibi shekara uku ne aƙalla.

28/ Kuma shekaru kaɗai ba sa ɗaga ka. Sai ka yi bincike, ka rubuta, wasu masana sun tantance, an buga a mujallar ilimi. In ka lissafa, daga inda nake zuwa kujerar farfesa shekara ashirin ba abin mamaki ba ne. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatu, amma ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin makaranta.

29/ Ba jami'a kaɗai ba ce. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, a New Bussa kusa da Kainji, wadda tushenta aikin binciken tafkin Kainji ne na 1968. Akwai NIOMR a Legas mai kula da ɓangaren teku. Akwai ƙungiyar masana kifi ta ƙasa, FISON, mai taro duk shekara.

30/ A waje akwai WorldFish mai hedikwata a Penang ta Malesiya, da cibiyarta a Abbassa ta Masar, ƙasar da ta fi kowa kiwon kifi a Afirka. Akwai cibiyar kiwon kifi ta Jami'ar Stirling a Sikotilan. Tallafin karatu irin na Commonwealth, DAAD da Erasmus Mundus duk ana nema da wannan fannin.

31/ 'Yan'uwana mata masu cewa harkar maza ce: ku nemi sunan Shakuntala Thilsted. 'Yar Tirinidad ce, ta ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2021. Aikinta a Bangaladash kan ƙananan kifaye ne da ake ci har ƙashi, da yadda suke gina jikin uwa da jariri. Ku tuna yaranmu masu tamowa, ku ce min wannan ba aikinmu ba ne.

32/ Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Watan jiya Abba ya kira ni falonsa bayan isha'i. Ya ce in na gama zai biya min digiri na biyu a waje, amma a harkar kasuwanci ko gudanarwa. In ba haka ba, akwai abokinsa da zai yi min hanyar banki. "Kifin nan dai an yi, ya isa haka."

33/ Na ce, "Abba, ni koyarwa da bincike nake so." Ya daɗe bai yi magana ba. Sai ya ce, "Ina da abokai farfesoshi. Na san motar da suke hawa, na san yadda suke yi in wata ya yi nisa. Ke ba ki san babu ba. Ba na so ki fara saninta a kan kifi."

34/ Ba zan yi muku ƙarya ba, maganarsa gaskiya ce. Albashin malamin jami'a a ƙasar nan bai kai wahalarsa ba. Da yawa daga aljihunsu suke sayen kayan gwaji da biyan kuɗin buga takarda. Wasu in sun fita karatu ba sa dawowa, kuma ni ban isa in zarge su ba.

35/ Na kuma san wani abu: ina iya wannan zaɓin ne don a gidanmu ba a jiran albashina a sayi shinkafa. Akwai 'yan ajinmu da suka fi ni kai nesa ba kusa ba, amma su ne za su riƙe ƙannensu. Su ba za su iya jiran shekara goma ba. In mu da Allah Ya rufa wa asiri muka gudu, wa ya rage?

36/ Shi ya sa furojet ɗina na ƙarshe a kan abin da ya kashe min kifi ne. Tankuna shida a lungun nan na bayan gida: uku a buɗe, uku na yi musu rumfar leda mai riƙe ɗumin rana. Ina auna zafin ruwa da asuba da la'asar, amoniya duk sati, nauyin kifi duk sati biyu.

37/ Ruwan da na canza kuma ba ya tafiya kwata. Ƙazantar da ke kashe kifi taki ce ga shuka, don haka Baba ya yi fangali muka zuba alayyahu da latas. A garin da kowa ke haƙa rijiyar burtsatse, ruwa ɗaya ya yi aiki biyu ba ƙaramin abu ba ne. Umma ta daina aike kasuwa sayen ganye.

38/ In Allah Ya kai ni digiri na biyu, abinci nake so in bi. Shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo, don garin kifin da ake sa wa a ciki tsada gare shi. Ga waken suya da ƙuli-ƙuli a Dawanau, ga tsutsar ƙudan soja da ake kiwatawa da ragowar abinci. Nawa za a sa kifi bai tsumbure ba? Awo ne zai faɗa.

39/ Shekaranjiya da asuba ina tsugune bakin tanki, sanyi kamar ya cire min yatsu, sai na ji takun mutum. Abba ne ya dawo daga masallaci. Ya tsaya yana kallona, can ya karɓi tocilan ya haska min ma'aunin. Ya ce, "Nawa ya nuna?" Na faɗa masa. Ya ce, "Na cikin ledar fa?"

40/ Muka bi tankunan shida ɗaya bayan ɗaya, yana haskawa ina rubutawa. Da muka gama ya miƙo min tocilan ya ce in sa rigar sanyi, ya shige ciki. Bai ce ya amince ba, ban kuma tambaya ba. Maganar tana nan a tsakaninmu, kuma ba zan yi abin da babu albarkarsa a ciki ba. Ku taya ni addu'a.

41/ Kai ko ke da aka ba wannan kwas ba da son ranku ba: ba zan ce dole ku zauna ba. Amma kafin ku gudu, ku je bakin Tiga ko Watari sau ɗaya da sassafe, ku zauna da masunta, ku tambaye su me ya canza a shekara ashirin. Ku tafi da littafi. In kun dawo ba tambayar da ke cin ranku, to ku canza lafiya.

42/ Masu kiwo kuma, tunda hunturu ya shigo: in kifi ya rage ci, ku rage abinci, ku bari sai rana ta ɗaga ku ba su. Ku tare wa tanki iska, kada ku yi wasa da canjin ruwa, ku sayi ma'aunin zafi, bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba. Ni tarwaɗa 412 na biya kafin in sani.

43/ In kun san ɗalibin da ke jin kunyar faɗin kwas ɗinsa, ku tura masa. Masu tambaya a kan karatun ku ajiye a ƙasa, zan amsa abin da na sani in na fito daga lakca. Allah Ya yi mana zaɓin alheri.

Taku, Sarauniyar Tarwaɗa.